Tsarin tabbatar da inganci a binciken naitirojin a mahaɗar kogi da teku: me ya kamata ya ƙunsa?

Ɗalibar_Muhalli:

Assalamu alaikum malamai. Ana shirin bincike na shekara biyu kan naitirojin a wata mahaɗar kogi da teku, inda gansakuka ke rufe ruwa, kifi kuma ke mutuwa a lokacin zafi. Masu ɗaukar nauyin aikin sun ce ba za a ɗebi ko kwalba ɗaya ba sai an rubuta tsarin tabbatar da ingancin bayanai, irin wanda hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ke kira QAPP. Na ga jerin sassansa, amma abin da nake nema shi ne naman ciki. A ina za a ɗebi ruwa, kuma yaushe? Yaya za a adana shi? Waɗanne alƙaluma za a rubuta a matsayin iyakar kuskuren da za a lamunta? Ɗakin gwajin da za mu yi aiki da shi ya saba da ruwan kogi da na rijiya ne. Allah Ya saka da alheri.

Dakta_Bakin_Teku:

Wa alaikumus salam. Kafin a je ga kwalabe, ki rubuta a jimla ɗaya hukuncin da za a yanke da wannan bayani. Tambayar "nawa ne naitirojin a cikin ruwan" daban take da "nawa ke shigowa daga kogi a shekara", daban take kuma da "daga ina yake fitowa". Ta farko tana son tashoshi da yawa a cikin mahaɗar. Ta biyu tana son awon gudun kogi a sama da inda cikar teku ke kaiwa. Ta uku tana iya kai ki ga awon aisotof, wato nau'o'in naitirojin masu bambancin nauyi da ke nuna asalinsa. Daga wannan jimlar ce sauran alƙaluma ke fitowa. Idan bambancin da kike son ganowa tsakanin tashoshi biyu kashi 10 cikin 100 ne, hanyar da kuskurenta ya kai kashi 20 ba ta da amfani a gare ki, komai sauƙinta.

Abin da ya raba mahaɗa da kogi shi ne ruwan ba ya tsayawa a wuri ɗaya. A yawancin gaɓoɓi teku yana cika ya janye sau biyu a yini, kowane zagaye kimanin awa 12 da minti 25. Tasha ɗaya tana iya nuna naitiret mai yawa da safe lokacin da ruwan kogi ya mamaye ta, da rana kuma ta nuna ɗan kaɗan saboda ruwan teku ya turo. Wanda ya kwatanta waɗannan biyun ba tare da duba lokacin cika ba zai ce gurɓata ta ragu, alhali ruwa ne kawai ya sauya. Don haka tsarin ya ayyana matakin cikar da za a riƙa ɗiba a kai, kuma a tsaya a kansa. Mutane da yawa suna zaɓar tsakiyar janyewa zuwa ƙarshenta, domin a lokacin ne ruwan da ya daɗe a cikin mahaɗar ke fita. A kuma lura da babbar cika, wadda ke zuwa wajen tsayuwar wata da wajen daren sha huɗu, da ƙaramar cika a tsakaninsu. Wanda ke fita sau ɗaya a wata yana iya faɗawa kan iri ɗaya watanni a jere bai sani ba.

Tashoshi a jera su bisa gishirin ruwa, ba bisa nisan kilomita ba: ɗaya a ruwan daɗi zalla, ɗaya a bakin teku, sauran a ruwan zartsi da ke tsakani. Waɗannan biyun na gefe kada a taɓa tsallake su, ga dalili. A ce kogi yana ɗauke da maikuromol 80 na naitiret a lita a gishiri 0, teku kuma yana da 2 a gishiri 35. Idan cakuɗuwa ce kawai ke faruwa, a gishiri 17.5 ya kamata a ga 41. In an ga 25, akwai abin da ke cinye shi, ko gansakuka ko ƙwayoyin da ke mayar da shi iska a cikin laka. In an ga 60, akwai wata mashiga a tsakiya, wataƙila magudanar najasa ko ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ba za a iya wannan lissafi ba sai kowace kwalba tana da awon gishirinta, wanda aka yi a wurin a lokacin.

A kowace tasha a fara saukar da na'urar awon gishiri, zafi da oksijin daga sama har ƙasa. In ruwan ya rabu hawa biyu, mai daɗi a sama mai gishiri a ƙasa, a ɗebi biyu: rabin mita daga sama, da rabin mita zuwa mita ɗaya daga ƙasa, ba tare da tayar da laka ba. Amoniyom yakan taru a ƙasa inda oksijin ya yi ƙaranci. Oksijin ɗin kuma ya fi faɗuwa da asuba, saboda haka awon tsakar rana zai ɓoye matsalar da ke kashe kifin. Ƙasa da miligiram 2 a lita shi ne abin da aka saba kira ƙarancin oksijin mai haɗari.

Malama_Ɗakin_Gwaji:

Dakta ya gama da fili, bari in ɗora daga bakin kwalba. Ƙanwata, maganar da kika yi cewa ɗakin gwajin ya saba da ruwan daɗi ita ce ta fi damuna.

Da farko tsarin ya lissafa nau'o'in da za a auna: naitiret, naitirait, amoniyom, jimillar naitirojin da ya narke, da wanda ke maƙale a ɓarɓashi. Naitiret kaɗai ba ya isa. Lokacin da gansakuka ta bunƙasa naitiret yana iya sauka kusa da sifili, ba don ruwan ya tsarkaka ba, sai don naitirojin ya koma cikin jikin gansakukar. Shi ya sa ake haɗawa da jimilla da awon kulorofil. Don jimillar a yi amfani da narkarwar fasalfet, wadda ke mayar da sauran nau'o'in naitiret kafin a auna. Hanyar Kjeldahl ba ta kama naitiret, kuma ba ta gani a ƙananan matakan da ake samu kusa da teku.

Kwalabe su zama na roba HDPE, a jiƙa su a asid HCl na kashi 10, a ɗauraye da tataccen ruwan ɗakin gwaji, sannan a fili a ɗauraye sau uku da ruwan da za a ɗiba. Kada asid naitirik ya kusanci waɗannan kwalabe ko da a bahon wanki ne. Matata ma haka, mai selulos naitiret ba ta dace ba. Ana amfani da matatar gilashi GF/F mai kimanin maikuron 0.7, wadda aka ƙona a digiri 450 na awa 4, ko matata mai maikuron 0.45. Kowace aka zaɓa a rubuta ta kuma kada a sauya a tsakiyar aiki, domin ita ce ke yanke abin da ake kira "narkakke". A tace nan take a cikin jirgi ko cikin 'yan sa'o'i, a saka a kula mai ƙanƙara, cikin duhu. Ruwan da ba a tace ba yana da rai, ƙwayoyin cikinsa suna ci gaba da ci da fitarwa a cikin kwalbar.

Amoniyom ne mafi saurin gurɓata. Hayaƙin taba, hayaƙin inji, gumin hannu da ruwan goge-goge duk suna ƙara masa. A ɗakin gwaji ma sinadarin amoniyom kulorayid da ake amfani da shi wajen awon naitiret yana iya shafar sa ta iska, don haka a raba wuraren aikin biyu.

Sai gishiri. A na'urar da ke awo ta launi, idan ruwan zartsi ya haɗu da ruwan wankin da ba shi da gishiri, haske yana karkacewa a mahaɗarsu, sai na'ura ta nuna tudun da ba na naitirojin ba ne. A awon amoniyom ta hanyar indofinol kuma gishiri yana sauya ƙarfin launin, magniziyom na ruwan teku yana iya yin guda-guda idan ba a sa sitiret isasshe ba. Maganin shi ne a haɗa ruwan ma'auni a cikin ruwan teku mai ƙarancin sinadarai, a tsarma shi ya dace da gishirin samfuran, ko a fitar da gyaran gishiri da aka gwada a matakai kamar 0, 10, 20 da 35. EPA tana da hanyoyi na musamman don irin wannan ruwa: 353.4 don naitiret da naitirait, 349.0 don amoniyom, 440.0 don na ɓarɓashi. Ki tambayi ɗakin gwajin ko da su suke aiki ko da 353.2, hanyar gama-gari ta awon naitiret da naitirait. A kowace ranar aiki kuma a gwada bututun kadmiyom da ke mayar da naitiret naitirait: a bi da ma'aunin naitiret da na naitirait masu ƙarfi ɗaya, a kwatanta. In ya gaza kashi 90, a sabunta bututun kafin a ci gaba.

Ɗalibar_Muhalli:

Na gode ƙwarai, Dakta da Malama. Ɗakin gwajin sun ce a zuba asid salfurik a kwalabe don su kai kwana 28. Na ga wasu kuma suna daskarewa. Wanne zan rubuta? Sannan samfuran duba inganci nawa za a sa a kasafi?

Malam_Mai_Bin_Diddigi:

Ɗaliba, abin da ɗakin gwajin suka faɗa ƙa'idar Amurka ce ta ruwan da ake sa wa ido bisa doka: asid salfurik har pH ya sauka ƙasa da 2, a sanyi, kwana 28. Ba tare da asid ba, naitiret da naitirait awa 48 ne. Amma asid yana lalata naitirait, ba za ki iya raba shi da naitiret ba bayan haka, kuma dole a daidaita pH kafin ruwan ya shiga bututun kadmiyom. A ruwan mahaɗa na fi ganin dacewar daskarewa a digiri 20 ƙasa da sifili bayan an tace. Sharaɗinsa: a bar kusan kwatan kwalbar babu ruwa, a tsayar da ita a miƙe. Yayin da ruwan gishiri ke daskarewa, ruwa mai kauri da sinadarai ne ke saura ƙarshe, in kwalba ta cika shi ne zai tsiyaye ta murfi. Bayan narkewa a girgiza sosai. In masu ɗaukar nauyi sun ɗaure ki da ƙa'idar asid, ki rubuta dalilin kaucewa a tsarin su sa hannu tun yanzu.

Kasafi kuwa, ki ƙara kashi 15 zuwa 20 a kan yawan samfura. Kowace fita tana buƙatar kwalbar shaida, wato tataccen ruwa da aka kai fili aka bi da shi ta mazubi da matata daidai yadda aka yi wa samfur. In ta nuna wani abu sama da iyakar rahoto, wato mafi ƙarancin adadin da ɗakin gwaji ke bayarwa a matsayin tabbataccen awo, samfuran ranar duk a yi musu alama. Cikin kowane samfur 10 a ɗebi ɗaya tagwaye. Bambancinsu a raba shi da matsakaicinsu: 20 da 22 suna ba da 2 bisa 21, kashi 9.5. An saba sa iyakar kashi 20 zuwa 30 a tagwayen fili, kashi 10 a na ɗakin gwaji. A riƙa yi wa wasu samfura ƙarin sanannen adadi a ga nawa ya dawo, kashi 90 zuwa 110 ake so, kuma a yi wannan a ruwan daɗi, a zartsi, da a mai gishiri sosai, domin nan ne matsalar da Malama ta bayyana za ta fito fili. Bayan kowane samfur 10 a sake bi da ma'auni a ga ko na'ura ta zame.

Iyakar ganowa, wato mafi ƙarancin adadin da hanyar awo ke iya bambantawa da sifili, kada a kwafo ta daga littafi. Ɗakin gwajin ya fitar da tasa: aƙalla samfura 7 masu ɗan ƙari, a ninka ma'aunin warwatsuwarsu da 3.143, a kwatanta da abin da kwalaben shaida na ɗakin ke nunawa, a ɗauki mafi girma. Don sanin ko awon yana kan gaskiya ana buƙatar ruwan da wani waje ya tabbatar, irin na KANSO daga Japan ko MOOS na hukumar bincike ta Kanada, ko shiga gwajin kwatanta ɗakuna na QUASIMEME.

A gaban kowace iyaka tsarin ya faɗi wa zai yi me idan aka ƙetare ta: a sake awo, a sake ɗiba, ko a yi alama a bar shi. A rubuta ma'aunin rahoto a fili. Miligiram 1 na naitirojin ɗin naitiret daidai yake da miligiram 4.43 na naitiret gaba ɗaya, maikuromol 1 kuma maikurogiram 14 ne na naitirojin, kuma cakuɗa waɗannan a tebur ɗaya yana ɓata shekaru na bayanai. Abin da ya gaza iyakar ganowa kada a rubuta shi sifili, a rubuta iyakar da alamar "ƙasa da".

Dakta_Bakin_Teku:

Na yarda da Malam, sai dai iyakar kashi ba ta aiki kusa da iyakar ganowa. 0.2 da 0.3 sun bambanta da kashi 40, alhali babu laifin kowa. A ƙasa da ninki biyar na iyakar rahoto a yi amfani da bambanci kai tsaye. Haka kuma a yi hattara da narkakken naitirojin na halitta, wanda ake samu ta ragi. In jimilla 30 ce, naitiret da naitirait da amoniyom kuma sun haɗa 26, kowanne da kuskuren kashi 5, amsar 4 ce da kuskuren kusan 2, rabinta ke nan.

Idan tambayarki ta haɗa da abin da kogi ke kawowa a shekara, ɗibar wata-wata za ta rasa babban kaso, domin yawancinsa yana zuwa ne cikin 'yan kwanakin ambaliya. A ware fita ta musamman bayan ruwan sama mai ƙarfi, da wanda zai fita da abin da zai sa a fita. In kuma za a girke na'urar naitiret mai hasken UV, buromayid na ruwan teku, launin ruwa da laka duk suna shafar karatunta, gansakuka kuma tana rufe gilashinta. A ɗebi kwalba a gefenta duk ziyara, a karanta ta kafin gogewa da bayan gogewa, a rubuta duka biyun a takardar fili tare da lokaci da matakin cikar teku.