Neman kalma: yaya za mu ce "Saint" da "patron saint" a sunayen gine-gine?

Mai tambaya: Jama'a, barkanmu. Coci, makaranta, asibiti, har da gari sukutum, duk sai ka tarar sun ci sunan manzo Bitrus. Wasu na rubuta "Bitrus Mai Tsarki", wasu "Waliyyi Bitrus". Wanne za mu tsayar? Kuma me za mu kira shi wanda aka ci sunan nasa?

Mai fassara: Waliyyi na zaɓa. Idan ka rubuta "Majami'ar Bitrus Mai Tsarki", ba a san wa ke da tsarkin ba, majami'ar ko Bitrus. Ga kuma kunne ya saba da jin lafazin a Ruhu Mai Tsarki da Littafi Mai Tsarki. "Tsarkaka" ma ba za ta yi ba, don a wasiƙun Bulus dukan masu bi ake nufi. Mace Waliyyiya, jam'i Waliyyai. Amma a kula, kada a liƙa -n. "Waliyyin Bitrus" ya zama wanda ya tsaya wa Bitrus, irin na ɗaurin aure.

Malamin tarihi: Gaskiyarki, Malama. Sai dai fassara sunan kaɗai ba ta raba gardama, domin masu sunan sun yi yawa. Akwai babbar majami'ar Vatikan da aka fara ginawa a 1506 aka keɓe ta a 1626. A Ingila, majami'un Westminster Abbey da York Minster duk na Waliyyi Bitrus ne a sunansu na hukuma, ko da yake ba haka jama'a ke kiransu ba. A York ɗin ma akwai makaranta mai sunansa da ake danganta kafuwarta da 627, ga kwalejin Peterhouse a Cambridge tun 1284. Don haka a jera abu huɗu: irin ginin, Waliyyi, suna, gari. Misali, Makarantar Waliyyi Bitrus ta York. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne ba kowane Bitrus ne manzo ba. Peter Claver (Peter shi ne Bitrus a Turance) limamin Katolika ne na ƙungiyar Jesuit da ya rasu a 1654, kuma makarantu da dama sunansa suka ci. In aka yanke Claver, an ba wani ginin wani.

Edita: Sunan gari fa a bar shi yadda masu shi ke faɗa. Saint Petersburg na Rasha, da aka kafa a 1703, ya koma Petrograd a 1914, Leningrad a 1924, ya dawo sunansa a 1991. Wanda ya ga "Birnin Waliyyi Bitrus" ba zai same shi a taswira ba. Haka San Pedro da Saint-Pierre.

Mai tambaya: To, saura ta biyun. "Majiɓinci" za ta yi?

Malamin tarihi: Za ta yi, amma abu biyu ne, ranka ya daɗe. Waliyyi George ake ɗauka mai tsaya wa Ingila, alhali ƙasar ba ta ci sunansa ba. Wannan shi ne waliyyi majiɓinci. Wanda kuwa aka raɗa wa gini sunansa, a ce masa waliyyin suna, kuma da ranarsa ake bikin cocin, kamar 29 ga Yuni ga Bitrus da Bulus.

Mai fassara: Na amince. Sharaɗina ɗaya: kada a rubuta "majiɓinci" ita kaɗai, don masu karatu da yawa Allah suke kira da ita. Kullum a sa "waliyyi" a gabanta.