Sabuwar Camry ta 2025: za ta ɗauki 'ya'ya uku, ko in koma wajen Accord?

Maman Husna:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wurin wanda ya saya ko ya tuƙa sabuwar Camry ɗin nan samfurin 2025.

Motar da muke hawa ta gaji, kwananta a gareji ya fara fin kwananta a gida, kuma ni ce mai riƙe ta kullum. Yara uku gare mu: babbar shekararta 11, mai bi mata 7, sai auta da har yanzu a kujerar jarirai ake ɗaure shi. Tafiyata kusan duk ta cikin gari ce, kai yara makaranta, wucewa aiki, komawa ɗauko su, cikin cunkoson da mutum zai fi taka birki a kan totur. Doguwar tafiya sai an yi hutu. Jif ba ta burge ni, salun nake so, shi ya sa na tsaya a kan wannan.

Na je wurin dila na ɗan zaga da ita. Gaskiya ta kwanta min. Sitiyarinta ba nauyi, kujerar direba ta riƙe min baya, kuma na ji daɗin ganin sun bar maɓallan esi na hannu, ba sai mutum ya shiga lalube a allo yana tuƙi ba. Amma da na taka ta sosai don in hau babban titi, sai injin ya ɗauki wata kuka ya tsaya a kanta, ban ji giya ta canza ba ko sau ɗaya. Dilan ya ce haka take. To shi dila me zai ce in ba haka ba?

Babban abin da ya tsaya min a rai shi ne duk waɗanda ke wurin haibirid ne, wato mai haɗa fetur da batir. Maigida ya ce shi sam bai yarda da motar da za a wayi gari batirinta ya mutu a ce kuɗinsa ya kai na wata motar ba. Ni kuma man da nake ƙonawa a cunkoso ne ke cin raina. Don Allah masu ita, yaya kuka gan ta? Kuma bayanta zai ɗauki yara uku da kujerar jariri ba tare da rigima ba?

Oga Sani Bakanike:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki gaida maigida, ki ce masa tsoron nan nasa ya girmi motar. Toyota ta fitar da Prius, motarta mai haibirid, a Japan tun 1997, Camry haibirid kuwa tun 2006 take kan hanya. Wannan da kika gwada zubi na biyar ne na tsarin. Masu tasi a manyan biranen duniya ba don ƙauna suke hawa irin waɗannan motoci ba, don suna jure wahala ne.

Bari in faɗa miki abin da ke ƙarƙashin bonet. Inji ne mai silinda huɗu, lita 2.5, da injinan lantarki biyu, idan aka haɗa su ƙarfin doki 225. Mai jan taya huɗu tana da ƙarin injin lantarki na uku a baya, ita 232 take, kuma babu farfela da ta taso daga gaba zuwa baya. Abin da ya kamata maigida ya lissafa shi ne kayan da babu a cikinta. Babu kik, babu altaneta, babu fanbel. Famfon ruwa da kwamfiresan esi duk na lantarki ne. Waɗannan su ne rabin abin da ke kawo min tsofaffin motoci gareji. Birki ma ya fi daɗewa, domin idan kika ɗan taka shi, injin lantarkin ne ke fara rage gudun yana mai da ƙarfin cikin batir, kafin takalmin birki ya kama.

Kukan da kika ji ba ciwo ba ne, a nan dilan bai yi miki ƙarya ba. Giyarta ba mai hawa ɗaya, biyu, uku ba ce, kuma ba ta da bel irin na sauran giyoyi marasa hawa-hawa da ake kira CVT. Wasu haƙoran ƙarfe ne ke raba aiki tsakanin injin fetur da na lantarki. Idan kika take totur, injin sai ya haye inda ya fi ba da ƙarfi ya tsaya nan, gudun motar ya biyo shi a baya. Kunnen da ya saba da tsohuwar giya sai ya ɗauka wani abu na zamewa. Wasu sukan saba, wasu kuma har su sayar da motar ba su daina tsakin wannan ƙarar ba, don haka ki sake gwadawa ki ji ke wane ɓangare kike.

Batun batir: a Amurka garantinsa shekara 10 ne ko mil 150,000, kusan kilomita 240,000 ke nan. Sharaɗin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ki sa a nuna miki shi a rubuce kafin ki sa hannu. Kuma ba a jona ta da wuta, ita ke cajin kanta.

Baban Khalil:

Ni dai ban gamsu ba. Sun cire V6, injin nan mai silinda shida, mai lita 3.5, mai doki 301, sun bar mu da abin da ke kuka kafin ya tafi. Sannan ana ta cewa sabuwa, sabuwa. Ku auna tsakanin tayar gaba da ta baya, milimita 2,825, daidai da wadda ta fito a 2017. Ginshiƙin ɗaya ne, rufin da ƙofofin gaba ma ka kalle su da kyau. An canza fuska da fitilu da dashbod, shi ke nan. Ni tawa mai silinda shida ina nan da ita har ta ce ta gaji.

Oga Sani Bakanike:

Alhaji, da tsohuwar zuma ake magani. Ni a wurina ginshiƙin da aka shekara bakwai ana hawa an san halinsa ya fi wanda za a fara koyo a kan kuɗin Hajiya. Kuma mutum nawa ne suka sayi V6 ɗin lokacin da ake yin ta? Ita ma ba tsere za ta je ba, makaranta za ta kai yara.

Anti Bilki:

'Yar'uwa, ki bar mazan nan da dawakansu, mu yi maganar kujerar baya, don nan ne za ki zauna da matsala ko ki huta. Ni na gwada duka biyun, na ƙare a Honda Accord haibirid, sabon zubin da ya fito a 2023, kuma ba inji ne ya raba min gardama ba. Wurin miƙe ƙafa a bayan Accord inci 40.8 ne, na Camry 38. Kusan santimita 7 ke nan. A takarda kamar ba komai, amma ki ɗaura kujerar jariri mai kallon baya a bayan dogon mutum ki gani, sai ya matsa gaba har gwiwarsa ta taɓa dashbod. But ma haka, Accord wajen lita 470, Camry bai kai 430 ba. Keken jariri da jakunkunan makaranta uku suna cinye wannan bambancin tas.

Amma kada in yi miki tallar da ba gaskiya. Accord haibirid irin tawa ba ta zuwa da safaya, ɗan famfo da ruwan liƙe taya ake ba ka. Camry tana da ƙaramar safaya a ƙarƙashin but. Accord kuma ba ta da mai jan taya huɗu ko kaɗan, in kina buƙatarta. Kuma a shan mai Camry ta ɗan fi ta.

Shawarata ɗaya ce. Kada ki koma wurin dila ke kaɗai. Ki tafi da yaran duka, da kujerar autan, da keken, ki ɗaura komai yadda kike yi da safe. In dilan ya ɓata rai, ki nemi wani.

Ɗan Lissafi:

Gyara kaɗan. Ba ko'ina ne Camry ta zama haibirid zalla ba. A Amurka haka ne, amma a China da ƙasashen yankin Gulf ana samun mai fetur kaɗai. Sai dai ga mai tuƙin cunkoso irin naki, Maman Husna, haibirid ɗin ce ke da riba, domin a tsaye injin kashe kansa yake yi esi na ci gaba da aiki.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne ajin motar, wato LE, SE, XLE ko XSE. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, a gwajin shan mai ta ba LE mai jan gaba mil 51 a galan, wajen kilomita 21 da ɗoriya a lita. XSE mai jan taya huɗu kuwa 44 ta samu, ƙasa da kilomita 19. Inji ɗaya ne fa. Bambancin daga nauyi ne da taya: LE rim 16 gare ta, SE da XLE 18, XSE 19. Babban rim kyau ne a ido, amma robar tayar siririya ce, kowane rami sai kin ji shi a ƙugu, kuma ranar canza taya za ki gane kurenki. Tankin lita 49 ne, ki yi lissafin da kanki. Kayan tsaro irin su birkin gaggawa mai taka kansa da gargaɗin motar da ke ɓoye a gefe duk suna cikin LE ɗin ma. Abin da za ki rasa shi ne babban allo mai inci 12.3 da kujerun fata, naki inci 8 ne.

Wani abin kuma, zaɓin salun raguwa yake yi. An daina Ford Fusion a 2020, Chevrolet Malibu ta bi ta a ƙarshen 2024. In kina son na uku da za ki gwada, sai Hyundai Sonata ko Kia K5.

Maman Husna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Bilki, na bi maganarki, mun koma mu biyar har da keken.

Ga yadda aka yi. Ƙugiyoyin ɗaura kujerar jariri a kujerun gefe biyu suke, babu a tsakiya, don haka auta ya tafi bayan kujerar mai zaman banza. Husna ta ce ita ba za ta zauna a tsakiya ba, ƙafarta ba ta da wurin zuwa saboda tudun da ke ƙasa. Sai muka sa mai shekara 7 a tsakiya. Ya zauna lafiya, amma wurin maƙala bel ɗinsa ya shige ƙarƙashin gefen kujerar autan, sai da na durƙusa a bakin ƙofa na cusa hannu a karkace kafin na ji ƙas. Na tsaya ina tunanin yin wannan kowace safiya muna makara. Da muka je wurin Accord muka maimaita, abin mamaki, wahalar bel ɗin kusan ɗaya ce. Tsawon ne ya bambanta, faɗin ba wani nisa tsakaninsu. Watau kujerar autan ce mai faɗi, ita zan canza da siririya ko wace mota na saya.

Inda Accord ta yi nasara shi ne maigida. Da kujerar jaririn a bayansa, a Accord ya zauna yadda yake so, a Camry sai da ya ɗan matsa gaba. Ba har gwiwa ta taɓa ba, amma ya yi ta faɗa. Keken ya shiga but ɗin duka biyun, a Camry a karkace.

Duk da haka zuciyata na kan Camry LE. Shi maigida sau nawa yake shiga motar? Ni ce a ciki kullum, kuma ni ba zan yi doguwar tafiya da yara uku babu safaya ba. Na gwada LE da XSE a kan titi ɗaya mai faci-faci, kuma Ɗan Lissafi ya yi gaskiya, mai ƙaramin rim ta fi laushi nesa ba kusa ba. Dilan ya so ya tura ni kan mai rufin gilashi, na ce masa masu zaman baya ba taurari suke kallo ba, faɗa suke yi. Kukan injin kuwa na sake saurara, sai an take ta da ƙarfi yake fitowa, a cikin gari sau da yawa ma ban san lokacin da injin ke tashi ba.

Maigida ya karanta bayanin Oga Sani ya yi shiru, wanda a wurinsa amincewa ce. Tambayarsa ɗaya: me za mu kiyaye don batirin ya daɗe?

Oga Sani Bakanike:

Zafi ne maƙiyinsa. Batirin yana ƙarƙashin kujerar baya, kuma akwai wata 'yar taga mai raga a wurin da fanka ke jan iska tana sanyaya shi. Ki nemo ta a littafin motar ki nuna wa yaran, kada jaka ko bargo ko takarda ta toshe ta, kuma a riƙa duba matatar da ke ciki lokacin sabis. Baƙin mai kuma ki tsaya a kan wanda littafin ya ce, na wannan 0W-8 ne, siriri ƙwarai, kada wani ya ce miki ai mai kauri ya fi ya zuba. In za ku yi tafiya ku bar ta makonni, a samu mai kunna ta lokaci-lokaci, don ƙaramin batir mai bolt 12 shi ke fara sauka, kuma idan ya sauka motar ba za ta tashi ba ko da babban a cike yake. In fitilar haibirid ta kama a dashbod, wurin mai na'urar gwaji da ya san irinta za ki kai, kada kowa ya taɓa wayoyin nan masu ruwan lemo.