Muna neman injin matsar man gyaɗa, ta ina za mu fara?

Saratu: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Mu bakwai ne a Mabera, cikin garin Sakkwato, muna yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, muna son injin matsa. Ina ake samun tallafi, kuma da me ake farawa?

Malam Bello: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, a fara da takardu. Kowacce ta duba NIN da BVN ɗinta, suna da ranar haihuwa su zo iri ɗaya. Saɓanin harafi guda kan sa a ajiye takardar mutum ba tare da an faɗa masa dalili ba. Sannan ku zaɓi ɗaya: ko rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, wadda ake yi ta intanet da NIN da hoto da sa hannu, ko rajistar ƙungiyar gama kai a matakin jiha. Ta biyun ce ta fi dacewa da ku, amma doka na neman aƙalla mutum 10, sai kun ƙaro uku. Bayan nan ku yi rajista da SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ku buɗe asusu da sunan ƙungiya.

Hajiya Inno: Ɗiyata, kuna da littafi? Ba na sunayen masu bashi kaɗai ba. Kowane aiki a rubuta: tiya nawa ta gyaɗa, kuɗin niƙa, itace, jarka, abin hawa, sai lita nawa ta mai da ƙuli nawa suka fito. Ku sa ladan aikinku cikin lissafi, in ba haka ba za ku ga riba alhali wahalarku kuke ci. Cinikin kuma ya riƙa bi ta asusun, domin masu ba da rance galibi bayanan shige da fice na wata shida suke tambaya.

Attahiru: Akwai tallafin Gidauniyar Tony Elumelu, tun 2015 ake yi. Dala 5,000 ce, ba a biya, tare da horo. Ana buɗewa ranar 1 ga Janairu a shafin TEFConnect, kyauta, kuma ana iya cikewa da Larabci. Masu nema daga faɗin Afirka suke, don haka a cike amma kada a zauna jiransa. Kada a ba mai shagon kwamfuta ya kwafo muku amsar wani, ku ba shi alƙaluman littafin da Hajiya ta faɗa.

Alhaji Ummaru: Ni ban ga dalilin jiran kyauta ba in dai inji ne. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna yin murabaha: ku kawo takardar farashi daga mai sayarwa, banki ya sayi injin, ya sayar muku da ribar da aka sani tun farko, ku biya kaɗan-kaɗan. Za su nemi mai tsaya muku. Amma kafin sa hannu a tambayi mai injin: da lantarki yake aiki ko da gas? In mai buƙatar layin wuta uku ne kuma gidan layi ɗaya gare shi, an sayi kayan ado. A kuma tabbatar akwai kayan gyaransa a Sakkwato ko Kano. Kuma kada kuɗin ya ƙare a inji, a bar na sayen gyaɗa lokacin kaka da take araha.

Saratu: Baba, adashin da muke yi fa, mu bari?

Alhaji Ummaru: A'a, ku riƙe shi, shi zai zama kuɗin gyaɗar. Abin kiyayewa shi ne lokacin biya ya dace da lokacin ciniki. Ku kullum kuna sayarwa, biyan wata-wata ba zai dame ku ba. Mai ajiye albasar Goronyo ko Wurno yana jiran ta yi tsada, shi ne irin wannan rance ke karyawa.

Hajiya Inno: Saura NAFDAC, in kuna son shiga manyan shaguna. Za su zo duba wurin aiki, kuma ba za su karɓi madafar gida ba, sai ɗaki na daban mai tsafta, da raga a taga. Leda ko kwalba ta ɗauki suna, adireshi, ranar yi da ranar lalacewa. Inda masu ƙuli ke faɗuwa shi ne gwajin gubar da fumfuna ke haifarwa a gyaɗa. Suya ba ta kashe ta. A tsince mai baƙi da ƙwanƙwamammiya, a shanya ta bushe sosai, buhu ya zauna kan katako nesa da bango.

Malam Bello: Wani abu kuma, saƙonnin da ke yawo a WhatsApp cewa an buɗe tallafin gwamnati a biya kuɗin fom. Duk wanda ya nemi lambar sirrin da banki ya turo wa wayarki, ɓarawo ne. In an ce na SMEDAN ne ko na Bankin Masana'antu, a je ofishinsu a tambaya.

Saratu: Allah Ya saka da alheri. Ukun da za mu ƙaro dole ne su ma masu gyaɗa ne?

Malam Bello: Ba dole ba, amma ya fi kyau sana'ar ta haɗa ku, kamar masu sarin ƙuli ko masu kiwon da ke sayen tunkuza. Ku tafi da tsarin mulkin ƙungiya a rubuce da bayanin zaman da kuka zaɓi shugaba, sakatariya da ma'aji.