Ƙanina zai zauna a ƙauyen Jawa wata uku, wa ya san yadda rayuwarsu take?

Baban Yara (Tudun Wada, Gombe):
Salam 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema. Ƙanina yana karatun noma a Yogyakarta da ke tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya, yanzu kuma ya kira yace za a tura shi wani yanki wai shi Gunungkidul ya zauna gidan manoma wata uku saboda bincikensa. Tunda Hajiyarmu ta ji maganar ƙauye hankalinta ya tashi, kullum tambayarta me zai ci, akwai masallaci kuwa, mutanen ma Musulmi ne ko masu bautar gumakan nan ne da take gani a hoto, ni kuma wallahi bani da amsar da zan bata. Wanda ya san wurin ya taimaka.

Ɗan Jekadafari:
Wa alaikumussalam Baban Yara. Ka cewa Hajiya ta kwantar da hankalinta, na yi shekara biyu a Yogyakarta kuma Gunungkidul ɗin na kwana a cikinsa ba sau ɗaya ba. Daga Yogyakarta zuwa Wonosari, hedikwatarsu, kamar kilomita 40 ne, hawa ne dai mai lanƙwasa. Gumakan da take gani na Borobudur ne da Prambanan, gine-gine ne tun ƙarni na 9, yanzu 'yan yawon buɗe ido suka fi zuwa. Mutanen ƙauyen akasarinsu Musulmi ne, kusan kowace unguwa da ɗan masallacinta, wasu ma da ƙatuwar ganga a baranda da ake bugawa kafin kiran sallah. Shafi'iyya ne, zai ji liman yana bayyana bisimilla, da asuba kuma a ɗaga hannu ayi ƙunuti bayan ruku'u, kar abin ya ɗaure masa kai.

Abin da ya kamata ya shirya masa shine ruwa. Mu muna ɗauka duk Jawa kore ce shar da shinkafa, toh kudancin Gunungkidul ba haka bane, duwatsun farar ƙasa ne masu huda-huda, ana ruwan sama yanzu anjima ya zurare ƙasa, koguna na gudu a cikin kogo ƙarƙashin ƙafarka amma sama ƙayau. Daminarsu daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu ne, wato lokacin da muke cikin hunturu da bazara, in rani ya kai Agusta tafkuna sun ƙafe sai sayen ruwan tanka, har akuya ake sayarwa a saya. Mutumin Gombe dai ya san zafin jiran 'yan garuwa, ba sai an masa bayani ba. Shiyasa rogo ne abincin kakanninsu. Su ɓare shi su shanya a bakin hanya ya bushe, su daka, su yayyafa ruwa su turara, suna ce masa tiwul, ranar da aka fara zuba min a kan ganyen ayaba da kwakwa gogaggiya a kai wallahi dambu na tuna. Tsohuwar gidan tana ta bani haƙuri wai abincin talaka ne, na ce mata a garinmu alabo muke ce wa garin nan, ta dinga maimaita kalmar tana dariya. Kuma suna cin fara! Soyayya da tafarnuwa, a bakin titi ake sayarwa.

Ya koyi abu biyu kafin ya je. Yarensu hawa-hawa ne, akwai ngoko na tsara da tsara akwai krama na manya, in zai wuce gaban dattijo ya ɗan rusuna yace nuwun sewu. Sannan in an fito sambatan kar ya zauna a ɗaki. Gayya ce sak irin tamu, za a ɗaga rufin gidan wani ko a gyara hanya, maza su fito ba ko sisi, mata su dafa shayi mai zaƙi. Ranar da na ɗauki katako tare da su ne aka daina min kallon baƙo.

'Yar Wunti (Bauchi):
Ikon Allah, Yaya Ɗan Jekadafari ka tuna min wani abu. Ni atamfa nake sayarwa a kasuwar Wunti, kuma 'yar Holan ɗin nan da muke sakawa a lefe asalinta daga wajensu ne. Batik suke ce masa, mace ta zauna da ɗan ƙaramin mazubi na tagulla tana zana narkakken kaki a jikin farin ƙyalle sannan a tsoma a rini, inda kakin ya taɓa rini baya kamawa. Turawan Holan da suka mulke su ne suka kwaikwaya da inji, kamfanin Vlisco tun 1846 yake, da kayan basu karɓu a can ba sai suka samu kasuwa a Afirka ta Yamma. A 2009 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa batik cikin kayan gadon duniya, har ranar sa shi suke da ita, 2 ga Oktoba. Abin da ke min ciwo su sun riƙe nasu, mu kuma marinar unguwarmu da na taso ina gani tuni aka cike ta da shara. Baban Yara in ƙanin naka zai dawo ya riƙo wa Hajiya batik na hannu, ba bugun inji ba.

Malamin Islamiyya (Bolari):
Ni jan hankali zan yi. Na ji suna da bukukuwan bayan girbi da kai abinci kabari da wasan 'yar tsana da ake kwana ana yi. Yaro ne, a faɗa masa ya tsare aƙidarsa.

Ɗan Jekadafari:
Gaskiya ne Malam, akwai. Rasulan suke ce wa bikin girbin, a tara shinkafa da kaji ayi addu'a a raba, dare kuma ayi wayang, wasan inuwa da 'yan tsanar fata, wanda suke cewa Sunan Kalijaga, ɗaya daga waliyyansu tara, da shi ya jawo mutane Musulunci. Mamaci kuma ana masa taron uku da bakwai da arba'in, har da kwana 100 da 1000. Amma muhawarar nan da kake tunani suma suna yinta, ƙungiyar Muhammadiyya da aka kafa a Yogyakarta a 1912 bata yarda da yawancinsu ba, ƙungiyar Nahdatul Ulama ta 1926 kuma tana yi, kaga dai kamar a gida. Ni da na ce bazan je kabarin ba babu wanda ya ɓata rai, sai ma aka aiko min da kasona na abinci a ɗan kwando. Kuma suna da tsangayu, pesantren, har ajaminsu gare su da suke kira pegon, na ga almajiri yana rubuta fassarar Jawanci a ƙasan layin littafin fiƙihu kamar yadda muke yi a zaure.

Baban Yara:
Allah ya saka da alheri, na karanta wa Hajiya duka. Maganar gayya da farar nan ta sa ta murmushi, amma ruwan ne ya tsaya mata a rai, tace a tambaye shi ko gidan da zai sauka suna da tankin tara ruwan sama. Sun riga mu da awa shida, bayan asuba zan kira shi.