Neman shawara: an kira ni zagayen ƙarshe na tantance masu neman aiki

Assalamu alaikum, yayye da iyaye. Ni ɗan Katsina ne, na kammala digiri a fannin tattalin arziki a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma na gama bautar ƙasa. Na ci jarrabawar kwamfuta ta wani banki, yanzu an kira ni Abuja domin tantancewar yini guda, inda za a raba mu rukuni-rukuni a ba mu matsala mu tattauna, kowa ya gabatar da jawabi, sannan a gana da mu ɗaya bayan ɗaya. Damuwata ita ce ina da kawaici, ba na iya katse mutum, kuma Turanci bai zauna a bakina sosai ba. Don Allah wanda ya san kan wannan mataki ya taimaka mini.

Wata ma'aikaciyar sashen ɗaukar ma'aikata ta amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Masu tantancewa suna zama ne a gefe da takarda a hannu, kowannensu da waɗanda aka ba shi ya sa wa ido, kuma ba sa ba da maki sai a kan abin da suka ji ko suka gani: yadda kake aiki da mutane, yadda kake warware matsala, iya bayani da kiyaye lokaci. Kunyar da aka tarbiyyantar da mu a kanta abin yabo ce a gida, amma idan ka zauna kana jiran a ce bismilla, takardarka za ta fita babu komai, duk kaifin abin da ke ranka. Ka sa baki tun da wuri, ko da jimla biyu ce. Sai dai mai babatu da ya hana kowa magana shi ma faɗuwa yake yi, kuma abin yana ba ni takaici domin sau da yawa haziƙi ne. Wanda ya ɗora a kan maganar wani, ya nemi ra'ayin wanda ya yi shiru, ya tuna wa rukuni cewa lokaci ya kusa ƙarewa, shi ne alƙalami yake bi. Karin harshenka ba ya cikin abin da ake aunawa, muddin ana fahimtarka.

Wani ɗan uwa daga Daura ya ƙara da cewa:

Malam, a wurin ganawa za a nemi misali daga rayuwarka, kamar lokacin da ka sasanta saɓani. Ka faɗi halin da aka shiga, nauyin da ke kanka, matakin da ka ɗauka da abin da ya haifar. Ka riƙa cewa "na yi", domin "mun yi" ba ya nuna musu rabonka a aikin. Hidimar al'umma da ka yi lokacin bautar ƙasa ta isa misali.

Wani dattijo ya rubuta:

Ɗana, ka isa Abuja tun ana gobe, da ainihin takardunka da katin shaida, kuma kada ka ba kowa ko sisi da sunan zai shigar da kai. Idan ana yi maka tambaya ka ɗaga kai ka dubi mai magana, a can ba a ɗaukarsa rashin kunya. Allah ya ba da sa'a.