Zan yi kaka a Liyon, wace unguwa ya kamata in sauka?

Bazazzage:
Salam jama'a. Wurin aikinmu ne za su tura ni kwas Liyon ta Faransa daga farkon Oktoba har ƙarshen Nuwamba in sha Allah, kuma ni ba na son in je in dawo ban san komai ba sai aji da ɗakin kwana. Dan Allah wanda ya san garin, ina ya fi dacewa mutum ya kama ɗaki, kuma ya maganar abinci da masallaci?

Ɗan Maraɗi:
Wa alaikumus salam yallaɓai. Ka nemi Guillotière kawai, can ne mahautan halal suke da shagunan 'yan Afirka, har kuɓewa da manja za ka samu. Metro, wato jirgin ƙasa na cikin gari, layin D ya bi ta nan, shi zai kai ka tsohon gari kuma shi zai sauke ka kusa da babban masallaci na Boulevard Pinel wanda aka buɗe a 1994. Amma ka kiyayi gidajen abincin nan nasu da ake kira bouchon, rabin abin da ke cikin tukunyar alade ne, ka tambaya kafin ka ce a kawo.

Maman Biyu:
Ni kam ban goyi bayan Guillotière ba, hayaniya ta yi yawa da dare musamman wajen bakin metro. Ka je ka yi cefane ka fito. In aljihu zai ɗauka ka hau Croix-Rousse, unguwar masaƙan siliki ce ta da, su ne suka yi bore a 1831, har yanzu gidajen rufinsu can sama saboda tsayin masaƙa, tagogi manya manya haske ko'ina. Daga can sai ka gangaro da ƙafa ta cikin traboule, wato za ka tura ƙofa kamar gidan mutane za ka shiga sai ka ga lungu ne ya ratsa tsakar gida ya fitar da kai wani titin daban, wallahi abin sai wanda ya gani. Akwai mutane zaune a ciki fa, ban da ɗaga murya.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya ai hawan tudun nan ba na kowa ba ne kullum. To yallaɓai duk inda ka sauka dai ka tafi da rigar sanyi ta gaske da lema, kakarsu ba irin tamu ba ce, yayyafi ne da hazo a kan kogin Ron da Son. Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna mayar da agogo baya da awa ɗaya, lokacinsu ya dawo daidai da na gida, zuwa ƙarshen Nuwamba biyar na yamma an yi magariba. Don haka tudun Fourvière da ke saman tsohon gari da tsohon dandalin Rumawa ka hau su tun a Oktoba da sauran rana, garin tun shekara 43 kafin miladiyya aka kafa shi a kan tudun na Fourvière.

Bazazzage:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya shi Croix-Rousse ɗin metro na hawa can ko sai dai ƙafa? Gwiwar tawa sai a hankali.

Maman Biyu:
Yana hawa, layin C daga tashar Hôtel de Ville.