Muhawara: hana tafiye-tafiye ne ya karya ƙungiyoyin ƙwallo, ko rufe filaye?

Malamin makaranta, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum, jama'a. A ganina dokokin hana tafiye-tafiye na lokacin korona ba su yi wa ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa wata babbar illa ba, hana 'yan kallo shiga fili ne ya karya su. Da Jamus ta hana masu zuwa daga Birtaniya shiga ƙasarta a farkon shekarar 2021, ba a fasa wasan Leipzig ta Jamus da Liverpool ta Ingila ba, Budapest aka kai shi, haka ma Atletico Madrid ta karɓi baƙuncin Chelsea a Bucharest. An buga wasa, gidajen talabijin sun haska, sun kuma biya. Kuɗin tikiti kuwa da ya tsaya cak, babu wani birni da za a je a karɓo shi.

Tsohon ɗan wasa, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma misalanka duka na masu ɗaukar hayar jirgin sama ne. Mu a nan mota muke shiga. Ƙungiyar da za ta tashi daga Katsina zuwa Uyo sai ta ratsa jihohi da dama, alhali an hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ba a kuma ɗage dokar ba sai 1 ga Yulin 2020. An dakatar da gasarmu ta ƙungiyoyin Najeriya a watan Maris, ba a koma kanta ba, sai aka raba matsayi da lissafin maki gwargwadon wasannin da kowa ya buga. Plateau United ta zo ta ɗaya, Rivers United kuma ta yi ta ƙorafi kan fifita Enyimba da aka yi a kanta. Sabuwar kaka ba ta fara ba sai ƙarshen Disamba, wato wata tara ɗan wasa na zaune babu alawus ɗin wasa. Batun tikiti kuma, kowa ya san yawancin ƙungiyoyinmu gwamnatocin jihohi ne ke riƙe da su, ba kuɗin ƙofa ba.

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa: Baba, ban ƙi ta taka ba, sai dai Faransa ma ta soke gasarta a ƙarshen Afrilun 2020 ta miƙa wa PSG kofi, kuma ba hanya ce ta gagare su ba, gwamnati ce ta hana wasanni baki ɗaya. Ko da an buɗe mana hanyoyi a lokacin, wa zai ɗauki nauyin gwajin 'yan wasa kafin kowane wasa, kamar yadda Ingila ta yi da ta koma fili ranar 17 ga Yuni? Ku tuna kuma Kano Pillars ta dawo filin Ahmadu Bello na nan Kaduna tana buga wasanninta na gida ne saboda an mai da filin Sani Abacha wurin killace masu cutar. Wannan asara ba ta shiga lissafin ko ɗayanku ba.

Mai gidan kallon ƙwallo, Kawo: Malam, akwai abin da aka tsallake. A watan Agustan 2021 ƙungiyoyin Firimiya sun ƙi sakin 'yan wasansu zuwa ƙasashen da Birtaniya ta sa a jan jeri, wato jerin ƙasashe masu haɗarin korona, domin duk wanda ya dawo daga can sai ya yi kwana 10 a killace a otal. Shi ya sa Iheanacho ya ci wa Najeriya ƙwallo biyu a wasan Laberiya a Legas, sannan shi da Ndidi da Iwobi suka juya Ingila, aka tafi Cape Verde, wadda ke cikin jan jerin, ba su. A Brazil ma jami'an lafiya sun shiga fili sun tsai da wasa da Ajantina ranar 5 ga Satumba, saboda 'yan wasa huɗu da suka taso daga Ingila.

Malamin makaranta, Unguwar Rimi: Ɗan'uwa, ai ka ƙara mini hujja ne. A duk labarin nan tawagogin ƙasashe ne suka yi asara, ƙungiyoyin kuwa sun riƙe 'yan wasansu.

Tsohon ɗan wasa, Tudun Wada: Sun riƙe su ne domin sun san abin da kwana 10 a ɗakin otal zai ci musu, Malam: wasa biyu ko uku ba tare da ɗan wasa ba, ga albashinsa na tafiya, ga ƙarfin jikinsa ya ragu. Illar tana nan, mai ƙarfi ne ya ture ta kan wani. Liverpool na iya ce wa Masar ba za ta saki Salah ba. Ita kuwa ƙungiyar da ke jiran a buɗe hanyar Kaduna zuwa Abuja kafin motarta ta wuce, ka gaya mana wanda za ta tura wa tata asarar.